Masu kwana a titin Landan da bayin Allah dake fita neman su da daddare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Zariya ne amma na daɗe zaune a Landan, direban bas ne ni kuma yawanci aikin dare nake yi, jaridarku kuwa ta waya nake bin ta. Dan Allah ka bani ɗan fili in yi magana akan wani abu da ba a cika faɗa wa mutanen gida ba, wato dubban mutanen dake kwana a waje a garin nan cikin sanyi, da kuma waɗanda suke fitowa kyauta suna taimaka musu, saboda abin ya fara cin yaranmu kuma mu Hausawan dake nan har yanzu bamu shiga aikin yadda ya kamata ba.

In kace wa mutum a gida akwai mai shimfiɗa kwali ya kwana a bakin shago a Landan sai yace haba dai, garin Sarki guda? Toh wallahi akwai, kuma ba kaɗan ba. Hukumar birnin tana da rajista da ma'aikata masu zagayen dare ke cikawa, daga Afrilun 2023 zuwa Maris na 2024 kaɗai sun rubuta kusan mutum 12,000 da suka gani da idonsu suna barci a waje, kuma wannan banda masu kwana a kujerar falon abokai da masu ɓuya a inda ba a ganinsu. Inda suka fi yawa kuma shine Westminster, unguwar da majalisa take da fadar Buckingham da manyan otal otal. A watan Disamban 2018 wani mutumin ƙasar Hangari ya yanke jiki ya faɗi a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta tashar jirgin Westminster, dab da ƙofar da 'yan majalisa ke bi su shiga aiki, ya rasu a asibiti. Hukumar ƙididdiga tace a shekarar ta 2018 marasa muhalli 726 ne suka mutu a Ingila da Wales, kuma in aka yi tsaka-tsaki shekarun mazan 45 ne, matan 43.

Ba duka bane 'yan shaye-shaye kaman yadda ake zato, akwai su dai ba a musu, akwai masu taɓin hankali, amma da yawa haya ce ta kayar da su. Tun 1980 lokacin Margaret Thatcher aka ba masu zama a gidajen ƙananan hukumomi damar saye, aka sayar da gidaje kusan miliyan biyu a Ingila ba a gina madadinsu ba, talaka ya koma hannun masu gidan haya, yanzu ɗaki ɗaya tal a gidan da kuke haɗa banɗaki da kicin da mutum huɗu sai ka ji fam 800 ko sama da haka a wata. Shekara da shekaru kuma doka ta ba mai gida dama ya baka notis na wata biyu ka tashi ba tare da kayi laifin komai ba. Aiki ya tsaya ko aure ya mutu, wata biyu uku sai ka ga mutum da jakarsa a tasha. Kuma nan babu zaure. A gida baƙo in dare yayi masa akwai zauren mai unguwa, akwai masallaci, akwai tasha, wani zai ce shigo ka kwanta. Nan ana sallar isha'i ake kulle masallaci, ƙofar kowane gida da makulli, wasu gine-ginen har ƙusoshi aka taɓa dasawa a bakin ƙofa don kar wani ya kwanta, a 2014 anyi haka a Southwark sai da mutane suka yi ca kafin aka cire.

Shiyasa bas ɗin dare ya zama ɗakin kwanan wasu. Zaka ga mutum ya shigo wajen ƙarfe ɗaya, tsaf da shi, takalmi a goge, ya hau sama ya je can kujerar baya inda ɗumi yake ya rungume jakarsa, muje ƙarshen layi ya sauka ya tsallaka titi ya jira mai komawa. Akwai mata a ciki, su sun fi son zama ƙasa kusa da direba saboda tsoro. Wasu ƙarfe shida in suka sauka wajen aiki zasu wuce kai tsaye.

Masu aikin sa kai ɗin kuwa kala kala ne. Akwai manyan ƙungiyoyi da suka tsufa a harkar, Shelter tun 1966, Crisis 1967, St Mungo's 1969. Ita Crisis duk ƙarshen shekara lokacin Kirsimeti takan buɗe wurare na kwanaki, mutane dubbai su ajiye hutunsu su zo, wanzamai suyi aski, likitocin haƙori da na ido su duba mutane, masu ɗinki su gyara riguna da zif ɗin jaka, duk ba ko sisi. Akwai Glass Door da ke haɗa coci coci a yammacin Landan lokacin hunturu, yau a kwana a wannan gobe a wancan, mabiya cocin ne ke dafa abinci su shimfiɗa katifu. Sai mabiya addinin Sikh, waɗannan kam na sara musu. Addininsu dama ya ɗora musu dafa abinci kyauta ga duk wanda ya zo, toh sai suke lodo shi a mota daga Southall su kawo tsakiyar gari wajen Strand da Charing Cross, ruwa ake ko ƙanƙara suna nan, shinkafa da miyar wake da zafinsu, ba a tambayarka addininka ko takardarka. A Lincoln's Inn Fields, dandalin da ofisoshin manyan lauyoyi suka kewaye, da yamma layin masu jiran abinci har ya lanƙwasa kwana. Musulmi ma suna yi Alhamdulillah, Muslim Hands na da kicin a Hounslow, akwai Sufra a Brent, masallacin Finsbury Park na ciyarwa, kuma kowa ya ga yadda masallacin Al-Manaar ya buɗe ƙofarsa lokacin gobarar dogon benen Grenfell a 2017. Amma in ka duba fuskokin masu rabon, 'yan Pakistan ne da Bangaladash da Somaliya da Larabawa, namu sai ka ƙirga da yatsu.

Ni daren Alhamis da bana aiki nake bin wata 'yar ƙaramar tawaga, mu kan ɗauki fulas ɗin shayi da miya da burodi mu bi lungu lungu. Wadda ke jagorantarmu wata dattijuwa ce baturiya, tsohuwar nas da tayi ritaya, kuma ita ta nuna min abinci ba shine babban abin nema ba, safa ce. Mutum ya kwana uku takalmi bai fita daga ƙafarsa ba saboda in ya cire za a sace, ga ruwan sama kullum, in aka zare safar sai ka ga ƙafar tayi fari fat ta kumbura ta tattare, tsakanin yatsu ya tsage yana wari. Matar nan zata durƙusa a kan siminti da gwiwoyinta na tsufa, ta sa safar hannu, ta goge ƙafar da auduga ta shafa magani ta sa masa sabuwar safa, tana yi tana masa hira tana kiran sunansa, don duk ta haddace sunayensu da wanda baya shan sukari da wanda ba a taɓa masa kare. Dokarta ɗaya ce, ba a tsayawa a kan mutum, ka tsuguna ku zama daidai, kuma waya ta zauna a aljihu, ba hoto. Wani dattijo ya taɓa ce min yakan yi kwanaki ba wanda ya kalle shi ido cikin ido sai daren da muke zuwa.

A irin wannan zagayen ne bayan tashar Victoria na zuba wa wani saurayi shayi, ya karɓa da hannu biyu, na juya ina ce wa abokin tafiyata a hankali da Hausa wannan yaron sanyi zai kashe shi, sai naji yace, Baba kai Bahaushe ne? Jikina sai da ya mutu. Ɗan Sudan ne, daga Mai Wurno can bakin kogin Nilu wajen Sinnar, jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausarsa garau sai ɗan Larabci da ke shiga ciki. Ya bi ta Libiya ya tsallako teku, ya nemi mafaka, kuma abin mamaki an bashi. Samun takardar ne ma ya fitar da shi titi, domin a lokacin da zarar an amince da kai kwana 28 ake baka ka bar masaukin gwamnati, a cikin kwana 28 ɗin nan wai ka buɗe asusun banki ka sami aiki ka tara kuɗin kafin alƙalami na haya. Nace ɗana me yasa baka je masallaci ka faɗa ba, yace Baba kunya. Abinda ya fitar da shi daga wurin nan ba shayina bane, wata yarinya ce ɗalibar lauya cikin tawagar da ta zauna da shi ta cike fom bayan fom, ta sa sunansa a StreetLink, shafin da ake sanar da masu kwana a waje, don ma'aikatan zagaye su same shi inda yake kwana, ta raka shi ofishin ƙaramar hukuma ta zauna a layi tun safe, aka ce su dawo suka dawo, har aka samo masa gado a wani masauki. Yanzu yana wanke-wanke a gidan abinci.

Kunyar nan ita ce ke cin namu. Yara da yawa sun zo da bizar aikin kula da tsofaffi, an sayar da gona ko fili an biya dillali miliyoyi, sun iso sun tarar babu aikin ko kuma awa kaɗan ake basu, in kuma gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanin da ya kawo ka kwana 60 gare ka ka samo wani. A takardarsu kuma an rubuta basu da haƙƙin taɓa tallafin gwamnati, ma'ana ko ka je ofis babu gida babu kuɗi. Irin waɗannan ba wanda ke riƙe da su sai masu aikin sa kai. Yaro yana kwana a bas amma ranar Juma'a zai saka shaddarsa ya zo masallaci a gaisa lafiya lau, gida kuma ana kiransa a turo na makaranta a turo na magani. Iyaye dan Allah in ɗanku ya kira ku tambaye shi ina yake kwana kafin ku tambaye shi saƙo, kuma ku bashi fuskar da zai iya faɗa muku gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai masu sukar rabon abincin, suna cewa shi ke sa mutane su saba da titi, har a 2011 ƙaramar hukumar Westminster ta so hana shi a wani yanki sai da aka taso mata ta janye. Ni ban yarda da su ba, ban taɓa ganin wanda ya zaɓi kwana a kan siminti a watan Janairu saboda kofin miya ba. Amma na yarda miya bata ba mutum makulli. Hujja kuwa mun gani da idonmu a Maris na 2020 da korona ta shigo, gwamnati ta ba da umarni a shigar da kowa ciki, cikin 'yan makonni aka kwashe mutum kusan 15,000 a Ingila aka sa su a otal otal da sauran wurare, har da waɗanda takardunsu basu cika ba. Ina tuƙi a titunan nan lokacin, bakin shagunan wayam. Ashe ana iyawa. Da cutar ta lafa kuɗin suka tsaya, sannu a hankali kwalaye suka dawo. Yanzu sai hasashen yanayi ya nuna sanyi zai kai sifiri kafin magajin gari Sadiq Khan ya sa a buɗe masaukan gaggawa, alhali digiri uku da ruwan sama ma kisa yake.

Kirana ga 'yan'uwa mazauna Landan da Manchester da Birmingham, musamman shugabannin ƙungiyoyinmu da limamai. Muna da kyauta wallahi, da azumi kowa ya ga yadda ake sauke tukwane, ana tara kuɗi a tura gida a haƙa rijiya, duk alheri ne Allah ya karɓa. Sai dai bayan Sallah kowa ya watse, shi kuwa mai kwana a waje yana nan Nuwamba yana nan Fabrairu. Abinda aikin nan ke so mutum ne da zai ce duk sati dare ɗaya nawa ne, ya kuma riƙe alkawari. Muna da nas nas da likitoci, muna da lauyoyi da suka san harkar takardu, muna da direbobi masu mota, muna da iyaye mata da in suka dafa dafaduka layi sai ya ninka. Ba sai mun kafa sabuwar ƙungiya da shugaba da ma'aji ba, waɗanda ke akwai kullum neman hannu suke, kuma sun san dokar tsafta da ta inshora da mu zamu sha wahalar koya. Masallatanmu masu ɗaki a ƙasa su je su tambayi coci cocin nan yadda suke tsara kwanan hunturu, ba abin kunya bane. A kuma samu mutum biyu masu riƙe sirri a kowace jama'a, namiji da mace, a sanar da lambarsu bayan sallar Juma'a, yadda yaro ko yarinyar da haya ta kayar zasu kira ba tare da labari ya riga su isa gida ba.

Wanda kuma ba zai iya fita ba, ya sayi safa masu kauri da hular sanyi da bargon nan mai zif ya kai wa tawagar da ta fi kusa da shi, baƙaƙe ko masu duhu sun fi, kuma sababbi ake so ba kwance ba.

Nagode Malam Edita, a gaida mutanen gida.

Naka,
Mai karatunku daga gabashin Landan