Malamin falsafa ma yana da amfani a ƙauye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in kare wani aiki da mutanenmu na karkara suke yi wa kallon hadarin kaji, wato koyar da falsafa a jami'a.

Ɗan yayana ya fi shekara goma a wannan hanya. Ya fara ne a matsayin mataimakin malami yana duba takardun jarrabawa, ya yi digiri na biyu da na digirgir, kuma yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 a gona ya ci shi, babu albashi. Fanninsa shi ne ɗa'a a aikace, wato abin da ya kamata likita ko mai bincike ko ma'aikacin gwamnati ya yi idan hakkin wani ya shiga hannunsa. Duk da haka, in ya zo sallah sai dattawa su ce, "Yaro, kai ba likita ba, ba lauya ba, to me kake koyarwa?" Wasu ma suna zaton falsafa ɓata ce, alhali Ibn Miskawaihi, wani malamin falsafa Musulmi, ya yi rubutu kan gyaran hali tun shekara dubu da ta wuce.

Mu 'yan wannan yanki bai kamata mu yi wannan tambaya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya shuka yana cikin dalilan ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Bara masu bincike suka zo garinmu ɗibar jini, da takarda cikin Turanci da akwatin tawada, mata sun yi layi a ƙofar gidan mai gari. Ɗan yayan nawa yana wurin, bai ɗaga murya ba. Ya karɓi takardar ya karanta ta da Hausa, ya tambayi inda za a kai jinin da wanda zai ga sakamakon, sannan ya sanar da matan cewa wadda ta ƙi ba za a hana ta magani ba. Biyu suka koma gida, sauran suka dangwala da sanin abin da suke yi.

Ina kira ga jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa su ba wannan fanni muhimmanci ga ɗaliban lafiya da noma, kai kuma Edita, ka riƙa gayyatar irin waɗannan malamai su yi mana bayani da Hausa a shafinka.

Naka,
Mai karatu daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa