Kafin a tambayi gudun jirgin yaƙi, a tambayi inda yake kwana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na karanta jadawalin da kuka buga na jiragen yaƙin da suka fi gudu a duniya, na kuma ji yadda matasa suka ɗauke shi suna ta musu, wannan ya ce na Rasha, wancan ya ce na Amurka. Na ji daɗin ganin irin wannan batu da Hausa. Sai dai ni shekara 27 na yi ina gyaran jiragen sama kafin in ajiye sifana, kuma a tsawon wannan lokaci ban tuna ranar da gudu ya hana mu barci ba. Abin da ake tambayarmu kowace asuba shi ne, guda nawa za su iya tashi yau?

Jirgin F-4 Phantom ya fara tashi tun 1958, kuma yana ninka gudun sauti sau biyu da ɗoriya. F-35 kuwa, wanda ƙasashe ke bin layi a kansa yanzu, har an ƙera fiye da 1,000, iyakarsa ninki 1.6. Masu ƙera shi ba mantuwa suka yi ba. Matuƙi in ya buɗe wa inji wuta gaba ɗaya don ya kai ƙarshen gudu, mai yakan zube ne kamar an fasa tanki, cikin 'yan mintuna sai ya fara neman hanyar gida. Faɗan sama na yau kuma na wanda ya riga ganin ɗan'uwansa ne a na'urar rada, ya sakar masa makami mai linzami tun ido bai kai ga ganinsa ba. Shi ya sa kuɗin ya koma kan rada, da kwamfuta, da siffar jiki da fentin da ke ba jirgi layar zana.

To amma shi ma wannan ɗin sai yana da lafiya. A 2023 ofishin da ke bin diddigin kashe kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoto cewa a watan Maris na shekarar, kusan kashi 55 cikin 100 ne kawai na F-35 ɗin ƙasar ke cikin shirin aiki. Ƙasar da ta ƙera shi ke nan, da masana'antar a cikin gidanta. A Oktoban 2018, da guguwar Michael ta nufo sansanin Tyndall a jihar Fulorida, aka ce kowane jirgi ya tashi ya bar wurin. F-22 guda 17 ba su iya tashi ba, dole aka bar su cikin rumfuna guguwar ta same su.

Wannan labari bai ba ni mamaki ba, don na san yadda abin yake faruwa. Akwai jirgin da muka taɓa ajiyewa saboda wani ɗan ƙarfe a hanyar mai, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Aka rubuta takarda, aka jira. Wata biyu, wata huɗu. Kafin kayan su iso, wani jirgin ya buƙaci famfo, aka ce a ara daga wanda ke kwance, ai ba tashi zai yi ba. Sai na uku ya buƙaci taya. Ranar da ɗan ƙarfen ya zo, mun tarar abin da za mu ɗaura shi a kai ya zama ƙwarangwal. A takarda kuwa har ranar ana lissafa shi cikin jiragen da muke da su. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci, don babu abin da ya same shi a sama, a ƙasa muka cinye shi da hannunmu.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe in ya ji an ce ƙasa kaza ta sayi jirage kaza. Cinikin jirgin yaƙi ba ya ƙarewa ranar da aka biya kuɗi. Shekara 30 ko 40 mai saye zai yi yana komawa wurin mai sayarwa neman inji, da makamai, da sabunta manhajar kwamfuta, kuma duk ranar da siyasa ta juya, ƙofar na iya rufewa. Iran ta karɓi F-14 guda 79 daga Amurka kafin juyin juya halin 1979, daga nan kayan gyara suka yanke. Benezuwela ta sayi F-16 a farkon shekarun 1980, Amurka ta sa mata takunkumin makamai a 2006, sai ta koma sayen Su-30 na Rasha. Turkiyya kuwa har sassan F-35 ake ƙerawa a masana'antunta, tana da niyyar sayen 100, amma da ta karɓi makaman kariyar sama na S-400 daga Rasha, aka cire ta daga shirin a Yulin 2019. Jirginta na gida, KAAN, ya yi tashin farko a Fabrairun 2024, da injin Amurka a cikinsa.

Wani lokaci ma wanda zai hana cinikin ba shi ne mai sayarwa ba. Ajantina ta so FA-50 na Koriya ta Kudu, Birtaniya ta ƙi yarda don akwai sassanta a jikin jirgin, kuma tsamin yaƙin da ƙasashen biyu suka gwabza a 1982 kan tsibiran Fokland bai gushe ba. Sai a 2024 Ajantina ta sa hannu kan F-16 guda 24 na hannu daga Denmak. Gripen na Suwidin injinsa na asalin Amurka ne. JF-17 na Pakistan da Sin, wanda Myanma da Najeriya suka saya, injinsa RD-93 na Rasha ne. A ganina nan ne sirrin kasuwar Rafale. Jirgin ya daɗe yana aiki a Faransa babu ƙasar waje ko ɗaya da ta saya, har sai da Masar ta ɗauki 24 a 2015. Bayan ta Katar ta biyo, Indiya ta ɗauki 36 a 2016, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 80 a 2021, Indunusiya 42 a 2022. Inji da rada duk na Faransa ne, don haka ƙofar da mai saye zai ƙwanƙwasa ba ta da yawa. Ita Indunusiya ai Su-35 na Rasha ta fara nema, tsoron dokar takunkumin Amurka ta 2017 ya sa ta janye.

Ko babu takunkumi, rashin kuɗi kaɗai ya isa. Afirka ta Kudu ta sayi Gripen 26, jirgin da ake yabo da sauƙin riƙo. Daga ƙarshen 2021, kusan shekara guda babu ko ɗaya da ya tashi, saboda kwangilar kula da su ta ƙare ba a sabunta ba. Matuƙi kuma in ya daɗe bai tashi ba, sai an sake horar da shi.

Filin jirgi kuwa, shi ne abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami, don ban taɓa ganin an sa shi a jadawali ba. Kowace safiya, kafin a kunna inji ko ɗaya, mukan jeru kafaɗa da kafaɗa mu taka titin jirgi a ƙasa, ido na kallon kwalta, muna tsintar tsakuwa, da noti, da guntun waya. Manya da ƙanana, babu wanda ya fi ƙarfin wannan aiki. Inji yana zuƙar iska da ƙarfin da zai ɗaga tsakuwa daga ƙasa, kuma ƙwaya ɗaya in ta shiga ta bugi fukafukan cikinsa, an gama da injin. F-16 bakin shan iskarsa a ƙarƙashin ciki yake, kusa da ƙasa, shi ya sa yake son titi mai tsabta, kuma shi ya sa batun gyaran filaye ya taso sosai lokacin da ake shirin ba Yukiren shi. Su kuwa masu ƙera MiG-29 na farko a Tarayyar Sobiyat sun san irin filayensu, sai suka yi masa ƙyaure da ke rufe bakin iskar in yana gudu a ƙasa, ya riƙa shaƙa ta wasu kafofi a samansa. Suwidin ta bi wata hanya. Ta ɗauka cewa ranar farko ta yaƙi za a ragargaza manyan sansanoninta, sai ta tsara Gripen ya iya sauka a kan titin mota mai tsawon mita 800, mutum shida su zuba masa mai, su ɗaura makamai, ya sake tashi. Finlan ma har yau takan rufe babbar hanya ta gwada saukar jiragenta.

Zafi da tudu su ma suna da nasu hukunci. Iska in ta yi zafi, ko wurin yana da bisa sosai, takan yi shara-shara, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka. Titin da ya ishi jirgi da sanyin asuba yana iya gaza masa da azahar, sai an rage mai ko an sauke bam. Adadin da ke cikin takardar talla ba a irin wannan rana aka auna shi ba.

Tarihi ya sha nuna wannan. Da safiyar 5 ga Yunin 1967 Isra'ila ta fara da huda titunan filayen Masar, sannan ta bi jiragen da ke jere a fili, kusan 300 suka ƙone, akasarinsu ba su bar ƙasa ba. Bayan wannan ne ƙasashe suka duƙufa gina wa jirage ɗakunan kankare. A 1982 titin Port Stanley a tsibiran Fokland bai wuce kusan mita 1,250 ba, ya yi wa Mirage da Skyhawk na Ajantina gajarta. Dole suka riƙa tasowa daga nisan kilomita 700 ko fiye, su iso da man da bai wuce na 'yan mintuna ba. A ranar 1 ga Yunin 2025 kuma, ƙananan jirage marasa matuƙa da Yukiren ta ɓoye cikin manyan motoci suka afka wa jiragen Rasha masu kai bam a inda suke ajiye, har a sansanin Belaya da ke Saiberiya, fiye da kilomita 4,000 daga fagen daga. Wasu daga cikinsu, irin su Tu-95, an daina ƙera su tun tuni. Shi titi ma ya fi saurin gyaruwa. A Afrilun 2017 Amurka ta harba makamai 59 kan sansanin Shayrat na Siriya, kafin a kwana biyu jirage sun ci gaba da tashi daga wurin. Abin da ke ɗaukar shekaru kafin a mayar shi ne ma'ajiyar mai, da ɗakin gyara, da mutanen da suka san aikin.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in wakilinka ya sake zuwa bikin karɓar sababbin jirage a kowace ƙasa, bayan ya ɗauki hoton matuƙa, ya nemi babban makaniki. Ya tambaye shi shekara nawa kwangilar kayan gyara za ta yi, ƙasar wa ke da ikon hana inji fitowa, awa nawa kowane matuƙi ke samu a sama a shekara, da kuma ko akwai rufi a kan jiragen da daddare. In ya samu hali, ya koma bayan shekara uku ya ƙirga waɗanda ƙurar da ke kan fukafukansu ta nuna sun daɗe ba su motsa ba.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani tsohon makanikin jiragen sama