Kan Dogayen Lasifikokin Falo Masu Tsada

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in yi magana kan dogayen lasifikokin nan masu tsayawa a ƙasa, irin na kamfanin Focal na Faransa ko Bowers & Wilkins na Ingila, waɗanda wasu magidanta a nan Garwa suke sayowa da kuɗi masu yawa.

Abin da yake damuna shi ne yadda ake auna ingancinsu da ƙarfin ƙara kawai, alhali an ƙera su ne domin su rarrabe sauti. A cikin kowane akwati akwai babban faifai mai fitar da sauti mai kauri, da matsakaici mai ɗaukar muryar mutum, da ƙarami mai fitar da siririn sauti, domin kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan hertz 20 zuwa 20,000 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). A gidan wani aminina mai irin waɗannan lasifikoki na saurari kiɗan goge, har na ji gogar izga a kan tsirkiya da numfashin mawaƙin.

Sai dai falon siminti da tayil yana ɓata wannan aiki. Lokacin da aminin nawa ya jingina lasifikokin da bango, sauti mai kauri ya kumbura ya haɗiye kalangu. Da muka matsar da su kamar rabin mita, muka shimfiɗa darduma, muka saki labule, sai kowace ganga ta fito sarai. A kuma kula da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, domin idan aka ƙure mai rauni, yana iya ƙona ƙaramin faifan.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Garwa.