Su ƙarfafan besbol su ne sunka ja aka kafa doka

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan besbol, na san nan Maradi kokowa da ƙwallon ƙafa munka sani, amma akwai mu 'yan tsiraru da ke bin wasan a waya in rezo ya yarda.

Gardamar ita ce, in mai bugu ƙaƙƙarfa ne kuma bahago, kullum ƙwallonshi dama take tafiya, sai masu tsaro su kwashe su koma can su bar wajen bes na uku wayam (bes su ne tashoshin da mai bugu ke bi da gudu ɗaya bayan ɗaya, na uku yana hagu). To shin ya yi bant, wato ya tara sandar kawai ƙwallo ta gangara inda ba kowa ya ruga bes na farko, ko ko ya ci gaba da zabgawa? Ni dai na ce ya yi bant, ko a kokowa in abokin karawa ya bar maka ƙafa ai ɗauka kake ba ka tsaya nuna ƙarfin ƙirji.

Abin ya daɗe. A 1946 Lou Boudreau, kocin ƙungiyar Cleveland, ya yi wannan tarko ma Ted Williams na ƙungiyar Boston, gwanin mai bugu da ya buga .406 a 1941, wato cikin zuwa bugu goma yana dacewa wajen sau huɗu, amma taurin kai ya sa mafi yawan lokaci cikin taron masu tsaron yake aika ƙwallon. Robinson Canó kuwa, wani bahagon mai bugu, a 2013 bant ɗaya ya yi ma Boston ya tsinci kanshi a bes na biyu.

Masu cewa a'a suna da hujja, ban musa ba. Ƙwallon da ke zuwa da gudun kilomita 150 a awa tare ta ba wasa ba ne, in kana da sitirai biyu, wato kuskuren bugu biyu cikin ukun da ke fidda mutum, bant ɗinka ya fita layi shikenan ka fita, kuma kuɗin a homron suke, wato zabga ƙwallo ta tsallake shingen fili. Amma wa ya ce kullum? Ka yi 'yan kaɗan su shiga, dole su maido mutum gurbinshi, hanyarka ta dama ta buɗe.

Masu bugun sun ƙi koyo, sai MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta kafa doka a 2023, dole masu tsaro biyu kowane gefen bes na biyu. Wallahi ban ji daɗinta ba, an hukunta koci mai dabara an lallashi wanda ya ƙi gyara bugunshi.

Naku, mai karatu daga unguwar Bagalam, Maradi.