Taura biyu tana taunuwa a Belfast

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidan nan, ina da ƙorafi a kan wata magana da ta fito a shirinku na wasanni. Ana cikin hirar Declan Rice na Arsenal, sai wani mai sauraro ya bugo ya kira shi maci amana, wai ya sa rigar Ireland sannan ya tuɓe ya sa ta Ingila. Mai gabatarwa bai ja da shi ba, sai ma ya ɗora da cewa ai taura biyu ba ta taunuwa, mutum ko dai ɗan Ireland ne ko ɗan Birtaniya. Ni kuwa shekarata tara ina aikin jinya a Belfast, garin da aka zubar da jini a kan wannan tambayar, shi ya sa na kasa yin shiru.

Bari in fara da Rice ɗin, tunda shi ya jawo zancen. A Landan aka haife shi, kakanninsa na wajen uba kuma mutanen Cork ne a kudancin Ireland. Ya buga wa babbar tawagar Ireland wasan sada zumunta uku a 2018, a 2019 ya koma Ingila. Da ƙasashen biyu suka haɗu a Dublin a Satumban 2024, Ingila ta ci 2 da nema, kuma waɗanda suka zura ƙwallayen su ne Rice da Jack Grealish, wanda shi ma ya buga wa Ireland a matakin matasa. Mai horar da Ingila na riƙon ƙwarya a ranar, Lee Carsley, haifaffen Birmingham ne da ya buga wa Ireland wasa 40. 'Yan kallo sun yi wa Rice ihu, shi kuma da ya ci bai yi murna ba. Dokar ƙwallo ce ta ce riga ɗaya za a sa. Ba ta cire wa Rice kakanninsa ba.

Kafin in yi nisa, akwai wani kuskure da mu Hausawa muke yawan yi, ni ma na yi shi. Duk wanda ya fito daga tsibiran nan muna ce masa Baturen Ingila. Ingila ɓangare ɗaya ce cikin huɗu, sauran su ne Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. A watannina na farko a wurin aiki, ina gyara wa wani dattijo shimfiɗa, na ce masa cikin raha ku mutanen Ingila kuna son shayi. Bai amsa ba. Ya juya fuskarsa bango, har na tashi aiki bai sake kallona ba. Wata abokiyar aikina da ta girme ni ce ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in sake. Mutumin ɗan unguwar Falls ne, inda mutane ke ɗaukar kansu 'yan Ireland, a wurinsa na zage shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ta ce ko ɗan unguwar Shankill ne, wanda tutar Birtaniya ke kaɗawa a ƙofar gidansa, shi ma ba zai ji daɗi ba. Ɗan Birtaniya ne, amma ba ɗan Ingila ba.

Ta fuskar doka maganar a rufe take. Ranar 10 ga Afrilun 1998 aka cim ma Yarjejeniyar Belfast, wadda aka fi sani da sunan Juma'ar da ta gabaci bikin Ista, bayan zaman da tsohon sanatan Amurka George Mitchell ya jagoranta, a zamanin firaministocin Birtaniya da Ireland, Tony Blair da Bertie Ahern. A cikinta gwamnatocin biyu suka amince cewa haƙƙin haihuwa ne ga mutanen Ireland ta Arewa su ɗauki kansu 'yan Ireland, ko 'yan Birtaniya, ko duka biyun, a kuma karɓe su a haka, kuma su riƙe takardar zama ɗan ƙasa ta kowace. An ƙara da cewa ko nan gaba yankin ya canza hannu, wannan haƙƙin ba zai taɓu ba. A watan Mayu na shekarar aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 71 cikin ɗari a Arewa suka ce sun yarda, a Kudu kashi 94. Tun kafin nan ma, dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1949, shekarar da Ireland ta zama jamhuriya, ta ce ba za a ɗauki Ireland a matsayin baƙuwar ƙasa ba. Har gobe ɗan Ireland da ke zaune a Manchester yana jefa ƙuri'a a babban zaɓen Birtaniya, ba ya neman biza, ba ya neman izinin aiki.

To me ya sa mai gabatarwarku bai yi kuskure ɗungurungum ba? Saboda abin da takarda ta halatta daban, abin da bakin mutane ke iya furtawa daban. A ƙidayar jama'a ta 2021, kashi 31.9 na mutanen Ireland ta Arewa sun ce su 'yan Birtaniya ne kawai, kashi 29.1 sun ce 'yan Ireland kawai, kashi 19.8 sun ce 'yan Ireland ta Arewa kawai. Waɗanda suka zaɓi Birtaniya da Ireland tare, ba ƙari, ba su kai kashi 1 ba. Na daɗe ina juya wannan adadin a raina. An buɗe wa mutane ƙofa shekara ashirin da uku, kusan kowa ya tsaya a bakinta yana leƙe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya zauna da su. A 1801 aka haɗe Ireland da Birtaniya ƙarƙashin majalisa ɗaya. A cikin wannan zaman ne yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kusan miliyan suka bar tsibirin. A 1921 aka raba shi, gundumomi 6 na arewa maso gabas, inda 'yan Furotesta suka fi yawa, suka zauna da Birtaniya, 26 suka kama gabansu. 'Yan Katolika da suka rage a Arewa sun sha wariya wajen rabon gidaje da aiki da shata mazaɓu. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998 rikici ya ci rayuka kimanin 3,500. Ga wanda sojan Birtaniya ya harbe masa ɗan'uwa a Derry ranar 30 ga Janairun 1972, ranar da aka kashe mutum 13 a wurin zanga-zanga, kalmar Birtaniya kaki ce da bindiga, ko da yake firaministan Birtaniya David Cameron ya nemi gafara a 2010. Ga matar da bam ɗin IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don korar Birtaniya daga Arewa, ya mayar bazawara, kalmar Ireland sunan waɗanda suka dasa shi ne. Sunan garin ma ba a daidaita a kansa ba, wani ya ce Derry, wani ya ce Londonderry, daga nan ka gane gidan da mutum ya fito. Har yau akwai katangun da suka raba unguwanni a Belfast, wasu ƙofofinsu da dare ake rufewa.

Amma wannan tsamin ba tun fil'azal yake ba. Edward Carson, uban 'yan a-zauna-da-Birtaniya, wanda gunkinsa ke tsaye a gaban Stormont, majalisar Ireland ta Arewa, a Dublin aka haife shi, kuma bai taɓa musun cewa shi ɗan Ireland ne ba. Rigimarsa ita ce kada a cire Ireland daga Birtaniya. Wellington da ya karya Napoleon a Waterloo a 1815, ya kuma zama firaministan Birtaniya, shi ma haifaffen Dublin ne. A yaƙin duniya na farko 'yan Ireland kimanin 200,000 ne suka sa kakin Birtaniya, da Katolika da Furotesta. A wancan zamanin mutum ya ce shi duka biyun ne bai fi ɗan Scotland ya faɗi haka a yau ba. Rabuwar 1921 da abin da ya biyo bayanta su suka mayar da kalmomin biyu kishiyoyi.

Akwai mutum biyu da labarinsu ya nuna min cewa gwamnatoci ma ba su gama haɗiye abin da suka sa wa hannu ba. Emma DeSouza 'yar gundumar Derry ce, fasfon Ireland kaɗai take riƙe da shi. Ta auri Ba'amurke, ta nema masa izinin zama a matsayinta na 'yar Ireland, wato 'yar Tarayyar Turai. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta ce a dokar 1981 ita 'yar Birtaniya ce tun haihuwa, in tana so a ɗauke ta a 'yar Ireland sai ta yi watsi da zamanta 'yar Birtaniya. Ta ce yaya za ta ajiye abin da ba ta taɓa ɗauka ba. Aka yi ta shari'a, kotu ta ba ma'aikatar gaskiya a 2019, sai a 2020 gwamnati ta sauya ƙa'idar shige da fice ga iyalan mutanen yankin. A ɗaya gefen ga Willie Hay, tsohon kakakin majalisar Stormont, ɗan jam'iyyar DUP ta masu son zama da Birtaniya, mai kujera a majalisar dattawan Birtaniya. Don an haife shi a Donegal, ƙetaren iyaka kaɗan, bayan 1949, ya yi shekaru yana kukan cewa sai ya biya maƙudan kuɗi ya zana jarrabawa kamar baƙo kafin a ba shi fasfon ƙasar da yake yi wa doka. Sai a 2024 aka yi dokar da ta sauƙaƙa wa irinsu. Ita an laƙaba mata sunan da ba ta so, shi an hana shi wanda yake so.

Wasanni da kuka fi sani ma ba baki ɗaya suke magana ba. A ƙwallon ƙafa tawaga biyu ce, ta Arewa da ta Jamhuriya. A wasan zari-ruga tawaga ɗaya ce ta dukan tsibirin, ɗan Furotesta daga Belfast mai fasfon Birtaniya yana sa koriyar riga ya buga wa Ireland, ba mai ce masa maci amana. Rory McIlroy na wasan golf, wanda ya tashi a gidan Katolika a Holywood kusa da nan, ya taɓa cewa ya fi jin kansa ɗan Birtaniya, aka yi masa ca. Da lokacin Olamfik ya zo, Ireland ya wakilta a Tokyo da Paris, nan ma aka yi masa ca daga ɗaya ɓangaren. Da ya ci gasar Masters a 2025 kowa ya ce namu ne.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta yi abin da wa'azin shekaru bai yi ba. A 2016 kusan kashi 56 na masu zaɓe a nan sun so a zauna, amma aka fita da su. Nan da nan neman fasfon Ireland ya tashi, har Ian Paisley ƙarami, ɗan gidan da aka fi sani da adawa da Dublin, ya shawarci mutanensa cewa wanda ya cancanci fasfo na biyu ya nema. Ƙidayar 2021 ta nuna masu riƙe da fasfon ƙasashen biyu sun haura kashi 5, wato sun ninka masu furta cewa su duka biyun ne sau da yawa. Na san wani maƙwabcina da ke fita macin da 'yan Furotesta ke yi ranar 12 ga Yuli kowace shekara da ganga da tuta, amma in zai je hutu Sifaniya fasfon Ireland yake zarowa don ya tsallake dogon layi. Na tsokane shi, ya yi dariya ya ce takarda ce kawai. Ban gaskata shi duka ba, don na ga yadda yake tashi tsaye in tawagar zari-ruga ta ci Ingila.

Manya ma sun fara taka wannan hanyar. Sarauniya Elizabeth ta je Dublin a 2011, ta ajiye furanni a wurin tunawa da waɗanda suka yaƙi mulkin kakanninta, ta buɗe jawabinta da harshen Ireland. A shekara mai bi ta gaisa hannu da hannu da Martin McGuinness, tsohon kwamandan IRA, ƙungiyar da ta kashe ɗan'uwanta Mountbatten a 1979. Michelle O'Neill ta Sinn Féin, jam'iyyar da 'yan majalisarta ba sa zama a Westminster, majalisar Birtaniya, don ba za su yi wa sarki mubaya'a ba, ta halarci naɗin Sarki Charles a 2023, a 2024 kuma ta zama shugabar gwamnatin yankin ta farko daga ɓangaren masu son haɗewa da Kudu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, guda biyu ne kuma ba masu nauyi ba. In kuna fassara labari ku daina mayar da Birtaniya Ingila, ku daina kiran ɗan Belfast Baturen Ingila. In kuma za ku ba mutumin nan ƙasa, ku duba wadda shi ya ba kansa, in ya ce biyu ku faɗi biyu.

Abin ya shafe ni ta wata fuskar kuma. A Belfast aka haifi 'yata. Da kafin 2005 ne, haihuwa a tsibirin kaɗai ta isa ta ba ta Ireland, amma ƙuri'ar 2004 ta rufe wannan ƙofar, yanzu sai ɗaya cikin iyaye ya yi shekara uku cikin huɗun da suka gabaci haihuwar yana zaune a tsibirin bisa doka. Mun cika wannan sharaɗin, kuma muna da izinin zama na dindindin, don haka ta cancanci duka biyun, ga na Nijeriya da ta gada. Rannan malamarsu ta ba su aikin zana tutar ƙasarsu, ta dawo gida ta tambaye ni wacce za ta zana. Na ce ta ɗauko takarda babba. Uwarta ta ce in daina ruɗa yarinya, ta zana kore da fari da kore ta huta.

Wassalam.

Mai sauraronku na kullum,
daga Belfast, Ireland ta Arewa