Birnin Teyuna bai taɓa ɓata ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rubutun da kuka buga kan tsohon garin nan da ke cikin duwatsun ƙasar Kolombiya, wanda marubucin ya yi ta kira "Ɓataccen Birni". Na ji daɗi da jaridar Hausa ta waiwayi wurin, amma sunan ya tsaya mini a rai. Na taka ƙafata har can, kuma abin da na gani da abin da na ji daga bakin mutanen wurin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Daga birnin Santa Marta, a bakin tekun Karebiyan, mota ta kai mu ƙauyen El Mamey. Daga nan sai ƙafa: kwana huɗu, kilomita arba'in da 'yan kai zuwa da dawowa, cikin kurmin da ya lulluɓe duwatsun Siyera Nebada. Ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai, sai da ɗan jagora mai izini. Alfadarai ke kai abinci zango-zango, mu kuma kowa da jakarsa a baya. Rigar da ka shanya da dare, a jiƙe za ka same ta da safe. Da la'asar ruwa ya kece, jar ƙasar hanya ta koma taɓo, ga sauro, ga kogin Buritaka da muka tsallake ruwa har gwiwa.

A rana ta uku da sassafe muka isa gindin matakala. Tsani ne na dutse mai hawa kimanin 1,200, duk gansakuka, kowane taki ƙarami ne har sai ka karkata ƙafa kafin ta zauna. Da muka ƙure shi sai fili ya buɗe: dakali bisa dakali, masu zagaye, sun haura 160, an jera duwatsunsu a jikin tsauni. Mutanen Tairona, 'yan asalin yankin, su ne suka fara ginin wajen shekara ta 800 Miladiyya, kusan shekara 650 kafin tsohon birnin Machu Picchu na ƙasar Peru. Gidajen itace da ciyawa sun daɗe da tafiya, tushensu ne ya rage. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne magudanan ruwa. A wurin da sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya, sun yi wa ruwa hanya ta cikin dutse, har yau dakalan ba su zame ba.

To wa ya ce garin ya ɓata? Bayan Sifaniyawa sun ci yankin da yaƙi, cututtukan da suka zo da su kuma suka yi wa jama'a ɓarna, sai aka bar zama a garin. A 1972 masu tonon kaburbura don neman zinariya suka yi karo da matakalar. Sai da kayan zinariya suka fara bayyana a kasuwar bayan fage kafin hukuma ta farga, masana tarihi suka isa a 1976. Wannan shi ake kira "ganowa". Amma jikokin Tairona, wato ƙabilun Kogi da Wiwa da Arhuwako da Kankuwamo, sun ce ba su taɓa daina zuwa wurin ba, shiru kawai suka yi. Duk wanda ya san abin da ɓarayin kaburburan suka aikata zai gane dalilin shirun. Su kuwa, Teyuna suke kiran garin.

Mun ratsa ta gefen ƙauyen Mutanyi na ƙabilar Kogi, bukkoki masu zagaye, maza cikin fararen kaya kowa da ɗan goransa a hannu. Jagoranmu ya gargaɗe mu tun daga nesa kada a ɗauki hoton kowa sai an nemi izini. Duk da haka na ga wani abokin tafiyarmu ya kai kyamara gaban fuskar wata yarinya, ta kawar da kai ta ɓuya bayan uwarta. Wallahi na ji kunya kamar ni na yi. Mutanen nan suna ɗaukar kansu yayye masu riƙon amanar duniya, mu na waje kuma ƙanne ne. Duk watan Satumba ana rufe hanyar don shugabanninsu na addini, waɗanda suke kira mamo, su yi ibadunsu, wurin ya huta da ƙafar baƙi. Addinina daban ne da nasu, amma na san darajar wurin da mutane ke girmamawa da kabarin kakanninsu.

Roƙona, Malam Edita, idan kuka sake rubutu a kan wurin nan, ku sa sunan Teyuna a gaba, ku kuma faɗa wa masu karatu cewa masu garin suna nan da ransu, kuma ta ƙofar gidajensu hanyar ta bi.

Na gode.
Naku, mai karanta jaridarku a kullum.