Kar ka cika kuɗin motar nan tukuna

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Tun babbar sallah ka yi mana ɗif, sai jiya ƙanenka ya tsaya a majalisa yake cewa wai ka ga Mazda RX-8 ja a wurin wani dila, har ka ba da kafin alƙalami. Hankalina ya tashi, na ce ba zan kwana ban rubuto maka ba.

Kyau kam Allah ya ba ta, musamman ƙananan ƙofofin nan na baya masu buɗewa a juye. Amma injinta ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Babu fistin a ciki. Ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku suke ta juyawa, ƙirar injiniyan nan Bajamushe, Felix Wankel. A bakin kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe mai gogar bango yana tare iska, aikin da ringi ke yi a sauran motoci. To nan ciwon yake. Da zarar siraran ƙarafan nan sun cinye, ƙarfin mota ya tafi, sai a sauke inji. A Amurka sai da kamfanin ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000. Kuma daga 2003 zuwa 2012 aka ƙera ta, ka ga ko autarsu ta haura shekara goma.

Don Allah ga abin da za ka yi. Ku hau titi ku tuƙa ta har ta ɗau zafi sosai, ka kashe, ka ɗan jira kaɗan, sannan ka murza makulli. In ta tashi nan take, da sauran magana. In ka ji kik yana ta juyi tana ƙi, karɓi kuɗinka. Dila zai rantse maka batir ne, kar ka saurare shi. Gajiyayyen inji ma yana tashi lafiya lau in da sanyi, sai ya yi zafi asirinsa ke tonuwa.

Sai baƙin mai. Tana shan sa, kuma haka aka tsara ta: akwai ɗan famfo da ke ɗiga shi cikin injin don ya jiƙa waɗancan siraran ƙarafan, ya ƙone tare da fetur. Dole ka riƙa zare ma'auni kana ciko. Kai ne za ka yi wannan? Kai da babur ɗinka ya buga a hanyar Wudil muka turo shi har gari, ba ka taɓa duba mansa ba!

Af, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure, ranar Juma'a aka ɗaura. Dogo ne ya yi ta rabon alawa kamar shi ne waliyyi. Umma kuma ta tare ni a soro, ta ce in tambaye ka ina aka kwana a maganar lefe. Na yi shiru ban gaya mata zancen mota ba, amma ka san ƙanenka da baki.

Gidan hayan nan naku ma yana cikin abin da ke damuna. Maƙwabci ya buga maka ƙofa da asuba ka matsar masa, ka tayar da motar, ka ja da baya, ka kashe tun ba ta ɗumama ba, shi ke nan fetur ya jiƙe fulogai ta ƙi tashi. Kwayil ɗinta huɗu masu ba fulogai wuta ma saurin gajiya gare su. In suka yi rauni ɗanyen fetur ke wucewa salansa, ya ƙona tukunyar tace hayaƙi ta toshe, zafin ya koma kan inji. A takarda girman injinta lita 1.3 ne, a gidan mai kuwa sai ka zaci babbar jif ka kawo.

In zuciyarka ta riga ta tafi, nemi ta 2009 zuwa sama, don a nan aka ƙara mata hanyar ɗiga baƙin mai. Kuma ka samu bakaniken da ya taɓa buɗe irin injin da hannunsa, wanda ke da na'urar awon matsinsa ta musamman, ba wanda zai yi koyo a kan guminka ba. Na san yadda ka tara kuɗin nan.

Kira ni kafin ka koma wurin dilan. Ka gaida mutanen masallacin unguwarku. Dogo ya ce hularsa da ka ara tana nan a lissafi.

Naka har kullum,
abokinka na Kano